Kabar da Wuƙata Ta Manta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Yagana 'yata,

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina gaida maigidanki Malam Usmanu, da fatan wannan takarda ta same ku lafiya cikin ɗaure-ɗauren kaya. Allah Ya sa tashin nan naku zuwa Ngelbeli alheri ne, Ya tsare ku a hanya, Ya haɗa ku da maƙwabta na kirki. Tun da aka ce an tura shi koyarwa can nake tambayar masu zuwa kasuwa yadda garin yake, kowa sai ya ce mini rairayi ne da raƙuma da iska. To, Allahn da ke nan Shi ne a can.

Kada ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali tsakanin Shetimari da Difa ba wata tafiya ba ce. Na san rubutuna na karatun manya ne, layi yana hawa yana sauka, ki yi haƙuri ki bi shi a hankali. Maganar da zan yi ba ta faɗuwa a tsakar gidan yayanki, inda nake ci nake sha, matarsa kuma ko tari na yi sai ta ji. Ranar sunan ɗansa na ji ya ja ki gefe, ya ce tunda za ki yi nisa ki bar masa zirin kabar nan na bakin kogin Komadugu da ya faɗo a rabonki na gadon mahaifinku, ya sa a tuge shi ya haɗa da garkarsa ta tattasai. Na ga kin sunkuyar da kai kina wasa da bakin gyale, kin ce za ki yi shawara. Ni na haife ki, na san wannan shawarar taki "to" ce da ba ta ƙarasa fitowa ba. Shi ya sa na zauna zan gaya miki abin da na yi wa wurin nan da hannuna, don ki san abin da ake roƙon ki kafin ki ba da amsa.

Ki fara da dariya, don farkon abin na dariya ne. Na zo ƙasar nan daga Damagaram ina 'yar mai kanti, na san farashin komai amma ban san daga inda komai yake fitowa ba. Tabarma a wurina abin jinginawa ne a bakin kanti, goruba kuwa abin da yara ke gwaguya a ƙofar lakol, wato makarantar boko. Na yi shekaru a gidan mahaifinku ina bin kakarki, wadda kika ci sunanta, muna zuwa yankan kaba, ban taɓa sanin kabar da ke kai mini gwiwa da dogayen gorubar da ke tsaye a ƙarshen zirin abu ɗaya ba ne. Na ɗauka kaba wata ciyawa ce mai taurin kai, goruba kuma itace.

Wata safiya bayan an gama girbin gero muka fita, sai na lura tana tsallake wasu ganye ba ta yanka. Da na duba na ga an ƙulle bakinsu, ƙulli biyu a jere, wutsiyar ta kalli ƙasa. Su ne kuma suka fi sauran tsawo da kyau. Na ce, "Iya, ga na kirki kin bari, kina ta fama da gajeru."

Ta ce, "Kai 'yar Damagaram," don haka take kirana har ta rasu, Hausarta ta Barebari ba ta raba mace da namiji, "wannan ƙulli magana ne. Ya ce ma wuƙa ya wuce."

Na ce, "Ta wuce don me?"

Ta ɗaga haɓa ta nuna mini manyan gorubar can. Ta ce, "Don ya zama wancan."

Yagana, na yi dariya har na zauna a ƙasa. Na ce, "To ni ma ki ƙulle mini kitso ko na zama raƙumi." Ba ta yi fushi ba. Ta kama wuyan hannuna ta ja ni wurin wani gindin kaba, ta buɗa ganyen da sandarta. Sai ga wani ɗan kututture baƙi ya fito daga ƙasa a tsakiya, bai kai gwiwa ba. Ta ce wannan ta fara ƙulle shi ne shekarar da aka kawo ni. Muka matsa gaba, ga wani ya kai ƙirji, shi tun rasuwar kakanku take bin sa. Can gaba wani ya wuce rufin ɗaki, shi kuma surukarta ce ta fara ƙulle shi, ita ta gada. Haka ta yi ta jana har muka isa gindin mafi girma, wadda ta ce babu mai rai da ya san hannun da ya ƙulle ta.

Na ɗaga kai har ɗankwalina ya zame. Gindi ɗaya ne ya tashi, can sama ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, 'ya'ya sun sauko jajaye suna sheƙi. Iska ta bi ta cikin ganyen, ƙarar kamar ruwan sama a kan kwano, alhali sama fes take. Sai na juya na dubi filin kabar da muka baro, tun daga bakin ruwa har gonakin tudu. Ashe duk abin nan da muke tattakawa muna yanka daji ne cikakke, wuƙaƙenmu ne kawai suka tsayar da shi a gwiwa. Ban san lokacin da na ce Subhanallahi ba. Har yau in na tuna safiyar nan sai in ji ni ba komai ba ce.

A hanyar komawa ta bayyana mini yadda ake yi. A kowane gindi ana zaɓar tofo ɗaya mafi ƙarfi a ƙulle ganyensa. Ganyen nan zai bushe, don haka duk shekara sai an dawo an ƙulle sabo, har itacen ya fi ƙarfin wuƙa. Kowace mace da irin ƙullinta, kowa a bakin kogin nan ya san na wa ne, kuma ba a ganin girman ƙulli sai na mai wurin ko matan gidansa. To ki ji ni, 'yata. Inda za ki, za ki ga mutane suna abubuwan da za su ba ki dariya, kina 'yar Difa mai karatun lakol. Ki riƙe dariyar tukuna, ki tambaya. Ni tambaya ɗaya da ban yi ba ta sa na yi shekaru ina yawo a cikin daji ban san daji ba ne.

Da a ce ganin abin mamaki yana hana mutum ɓarna, da labarina ya ƙare a nan. Amma sai ga shekarun da tattasai ya yi kasuwa, kina ƙarama a lokacin. Manyan motoci suka riƙa lodi ana tsallakawa Najeriya, kowa yana neman igiya da tabarmar shanya da ta rumfa. Kawunki Sani da ke da kanti a kasuwar Difa ya aiko mini ya ce duk abin da na kawo zai ɗauka, musamman farar kaba, wato sabon ganyen tsakiya da bai buɗe ba. Shekarar nan Iya tana kwance da ciwon ƙafa, zirin yana hannuna ni kaɗai. Na ɗauki mata daga wani ƙauye suna taya ni, na ja musu kunne a kan masu ƙulli, suka kuwa kiyaye.

Ranar da abin ya faru mota tana jira a bakin hanya, kaya bai cika ba, direba yana ta danna oda. Na tsaya a gaban wata mai ƙulli, doguwa, fara tas. Jinin kanti ya motsa. Na ce a raina ɗaya ba ta komai. Na zurma wuƙa har cikin zuciyarta don ganyen ya fito da tsawonsa, na datse ƙullin na yar. Ban ce wa kowa komai ba, amma matan nan suna kallon hannuna. Kafin rana ta take tsaka babu ƙulli ko ɗaya da idona ya gani a tsaye, har da waɗanda suka kai ƙirji an cire musu kai. Mota ta cika ta tafi, ni kuma na koma gida ina jin kaina mace mai dabara.

Itacen da aka cire wa zuciya ba ya faɗuwa ran nan. Sai da makonni suka shuɗe suka bushe a tsaye, baƙaƙe, kamar turakan awaki. Lokacin ne Iya ta ji sauƙi, ta ce a ɗora ta a jaki ta je ta ga kabarta. Na bi ta a baya. Ta sauka, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dafawa. Ta duƙa ta tsinci wani busasshen ƙulli a ƙasa ta ɗaure a bakin zanenta. Na so ta zage ni, wallahi na so, da na ji sauƙi. Sai kawai ta ce, "Kai ba kaba ka yanka ba. Shekaru ka yanka. Ni kuma ba ni da wasu."

Ba ta sake taka wurin ba. Ta rasu a ɗarin da ya biyo baya, kwananta ne ya ƙare, kuma ta yafe mini da bakinta a gaban mahaifinku. Amma yafiya ba ta mayar da kai a kan itace. Abin da nake so ki ɗauka a nan biyu ne. Duk ranar da wani yake tsaye a kanki yana gaggauta ki, kika ji zuciyarki tana cewa ɗaya ba ta komai, ki ajiye abin da ke hannunki ki je ki sha ruwa. Sannan ki sani a garin da za ki matar malam ce ke, hannunki za a kalla ba bakinki ba. Ni bakina ya hana matan nan, hannuna ya ba su izini.

Kuskure na uku shi ya fi ba ni haushi, don da niyyar alheri na yi shi. Bayan rasuwarta abin ya tsaya mini a rai. Sai ga masu furoje, wato ma'aikatan wani shirin taimako, sun kawo wa matan gari dashen itace a baƙar leda, dogon yaro da turare, kyauta. Na kwashi da yawa har mata suna tambaya ko kasuwa zan kai. Na yanke a raina zan share kusurwar zirin ta yamma, in fitar da kabar nan da ta zame mini abin kunya, in jera itatuwa layi-layi, ladan ya je wa Iya. Na ɗauki maza biyu da dagi da gatari.

Gindi ɗaya suka yini a kai. Na je kai musu fura, na leƙa ramin. Yagana, abin da muke gani a sama gashin kai ne kawai. A ƙasa saiwoyi ne sun sarƙe da juna kamar an zauna an saƙa su, sun bi nan sun bi can, na wannan gindi sun riƙe na wancan. Mutum ya shiga rami har kansa ya ɓace, saiwa tana nan tana ci gaba da nutsewa. Tsakiyar bazara ce, ƙasa tana ƙona ƙafa, amma yashin da suke fitarwa daga ƙarƙashi sanyi ƙalau, da danshinsa. Duk shekarun da muke yankan ta, awaki suna ci, wuta tana bi ta kai, tana can ƙasa da ranta tana shan ruwanta tana jira. Na ji tsoron Allah ya kama ni a bakin ramin nan fiye da yadda ya taɓa kama ni a wurin wa'azi.

Babban cikinsu ya fito yana share gumi ya ce, "Uwar gida, wannan abu ya girmi kakana. Ki sallame mu." Kin san halin uwarki. Na ce ai na riga na faɗa a gari, sai an gama. Suka gama kusurwar da ƙyar. Na dasa 'yan itatuwana, na yi ta jigilar ruwa a ka har wuyana ya ƙage. Zafi ya ci wasu, awaki suka ci wasu, gara ta ƙarasa saura. Dogon yaron nan karkatacce da kuke ɗaure jaki a jikinsa, shi kaɗai ya rage daga wannan wahala.

Da ma'aikacin gandun daji ya zo zagaye a kan babur, ya dubi ramukan ya dube ni ya ce, "Madam, mu cewa muka yi a dasa inda babu komai. Wa ya ce ki cire mai rai ki sa jariri?" Shi ne ya kama hanya ya nuna mini gindin baƙaƙen turakan da na kashe. Kowanne ya fito da sabon tofo a gefensa, kore shar, babu wanda ya ba su ko moɗa ɗaya ta ruwa. Ran nan na fara ƙulli da hannuna, ina kwaikwayon na Iya, biyu a jere, wutsiya ƙasa. Saboda haka in kin yi wa wani laifi, ko mijinki ne ko maƙwabciya, kada kunya ta sa ki rufe ido ki hau gyara da gudu don a gani. Ki tsaya ki duba abin da ya rage da rai tsakaninku, shi za ki lallaɓa. Ni garin goge abin kunyata na ƙara ɓarna a kan ɓarna.

Saura na ƙarshe, kuma dominsa na ɗauki biro. Lokacin da mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, ya sayi injin ban ruwa, ya ce zai tuge rabin zirin na gabas har bakin gaɓa, don garkar tattasai ta kai ruwa, inji ya zauna kusa. Ni na ga abin da ke ƙarƙashin ƙasar nan da idona, na san abin da ke riƙe da gaɓar. Maganar ta zo mini har baki. Sai na ce a raina, ni da na yanke ƙullin uwarsa, da wane baki zan hana shi? Kuma mace ta tsaya gaban maigida a kan maganar gona? Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin gyale, daidai yadda na ga kin yi. Na ce, "Allah Ya sa albarka."

Ya kuwa yi albarka, ba zan ɓoye ba. Tattasan nan shi ya yi mana rufin kwano, shi ya kai ki lakol. Sai shekarar da ruwa ya yi yawa. Kin san yadda Komadugu take zuwa, ko ɗigo bai sauka a kanmu ba sai a ce ga ta nan, ta biyo busasshen yashi daga ƙasashen da ba mu taɓa gani ba, tana turo kumfa da karmami a gabanta. Shekarar nan ta zo ta ƙi tsayawa inda ta saba. Muna tsaye da hantsi ni da shi, muna kallon gaɓar gabas tana tsagewa tana ruftawa cikin ruwa, da kunyoyin tattasai a kanta, jajaye, an kusa tsinka. Da ƙyar aka janye injin. Ruwan ya yi ta cin ƙasa yana matsowa yamma har ya iso inda kaba ta fara. Nan ya wanke yashin gaba, saiwoyin suka fito fili suna reto a cikin ruwa, ya buga ya buga, gaɓar ta ƙi tafiya. Kogin da ya haɗiye garka guda ya zo ya tsaya a gaban abin da ke kai mini gwiwa. Mutane suka taru suna kallo suna ta salati.

Mahaifinku ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kin san haka za a yi?"

Na ce, "Na yi zato."

Ya ce, "Da kin yi magana."

Na ce, "Da ka ji?"

Ya ce, "Da ban ji ba. Amma da kin yi."

Wannan maganar ta fi ta Iya yi mini ciwo, don gaskiya ce. Shirun da na ɗauka ladabi ne, tsoro ne kawai na sa wa sunan ladabi. In ya so ya ƙi ji, wannan nasa ne, amma ni na hana shi abin da na sani a lokacin da zai amfane shi.

Yanzu ki dubi inda muke. Da aka raba gado yayanki ya ɗauki garka, aka ba ki zirin kaba, kowa yana ganin an ba ki wurin banza. Ba na zargin yayanki. Ɗana ne, yana da iyali, ƙasar noma ta yi kaɗan, duk mai inji a bakin kogin nan idonsa yana kan taƙin da ke kusa da shi. Lokacin babban ruwan yana Difa wurin kawunki yana koyon kanti, labari ya ji, bai ga gaɓa tana tafiya ba. Abin da bai lura ba shi ne garkarsa a bayan zirinki take kwance. Ran da ya tuge kabar nan, shi da kogi babu shamaki. Na gaya masa, wannan karon ban yi shiru ba. Ya yi dariya ya ce, "Inna, ke da kabarki. Ai ƙullinki ma ya daina aiki, wurin na Yagana ne yanzu." Da wasa ya faɗa, amma haka al'adar take. Tun ranar rabon gado ƙullina na aro ne. Waɗanda na bi shekara da shekaru sun kai ƙirji, wasu sun wuce kaina, kuma babu abin da ke tsakaninsu da gatari sai kalma ɗaya daga bakinki.

Akwai abin da ban taɓa nuna miki ba. Bayan na fara ƙulli, wata rana ƙaya ta kama mini zane a jikin magaryar nan ta tsakiyar ziri. Na duƙa ina cirewa, sai na hango kaba a can cikin sarƙaƙiyar, da ɗan kututturenta, da wani tsohon ganye busasshe yana rataye a jikinta. Ƙulli biyu a jere, wutsiya ƙasa. Na Iya ne, na hannunta. Ranar da muka yi ɓarna ƙaya ta hana mu shiga, wuƙata ta manta da ita. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Na sassabe mata ƙayar kaɗan, na ci gaba da ƙulle ta duk shekara har ta fi ƙarfin hannuna. Ba a sanin goruba mace ce ko namiji sai ta girma, Iya ma ba ta san abin da ta ƙulla ba. Bara kanta ya rabu biyu. Bana na ɗaga ido na ga 'ya'ya sun sauko. Ashe mace ce.

Su ne a cikin ƙullin tsumman da ke tare da wannan takarda. Na fari ne, ba su kai na kasuwa zaƙi ba, kuma za su gwada miki haƙori. Ki ci, ki ba Malam Usmanu. Matar da ta tsallake ganye mafi kyau a filinta don ki ci wannan, ba ta ɗanɗana ba, ta kuma san ba za ta ɗanɗana ba tun tana ƙullawa. Ƙwallon kada ki sa a murhu. Ki tafi da shi Ngelbeli, ki nemi wuri mai kwari ki binne in damina ta faɗi. Za ki daɗe ba ki ga komai ba, kada ki tona don ki duba, irin halin uwarki. Ƙasa take fara nutsawa ta nemo ruwa kafin ta nuna ganye.

Abin da nake roƙo ke nan. Kafin motarku ta tashi ki zo Shetimari, mu gangara bakin kogi ni da ke da yayanki. Ki ce masa a'a da bakinki, da ladabi, kina kallon sa. Ki ba shi hanya ya wuce da tiyon injinsa ta cikin zirin, matarsa ta yanki kabar gefe yadda take so, amma masu ƙulli da saiwa a bar su. Zai ɓata rai, zai yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwa sosai, na san shi, zai huce. Sannan ki ƙulla ko ganye ɗaya ne da hannunki a gabansa. In kin yi haka, sauran ni zan bi miki duk shekara a matsayin 'yar aikenki, muddin ƙafata tana kai ni.

In kuma kin duba kin ga ba za ki iya ba, wurin naki ne, ba zan yi miki baki ba, ni da na yi abin da ya fi haka. Abu ɗaya kawai za ki yi mini: ki sa a gaya mini ranar da masu gatari za su zo, in tafi Damagaram ganin dangi a makon. Na ji ƙarar sau biyu a rayuwata, ba na son ta uku.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya sa ku shiga garin da ƙafar dama. Ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutum da na baƙon ruwa. Ya ba mijinki haƙurin yaran mutane, Ya ba ki zuri'a mai albarka da za ta ci daga abin da ba ta shuka ba, ta kuma bar wa na bayanta. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya jiƙan mai sunanki, Ya sa inuwa a kabarinta. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Amin.

In za ki zo, ki zo da sassafe. In rana ta ɗaga ganyen yana tauri, ba ya ƙulluwa a hannun da bai saba ba.

Innarki.